Abin da Na Faɗa wa Kwamanda a Bakin Juji

A kan juji aka tsince ni, kuma ba zagin kaina nake yi ba. Mahaifiyata ta sha wabi kafin ni, ta haifa ta binne, ta haifa ta binne, har mata suka daina yi mata barka da ƙarfi. Da na zo, tsofaffi suka ce a yi abin da aka saba. Washegarin suna aka naɗe ni a tsumma aka kai ni jujin bayan kasuwar Matameye aka ajiye, wai a nuna wa mutuwa cewa wannan ba kayan da ake so ba ne, ta wuce ta nemi na kirki. Malamai ba sa son wannan al'ada, kuma suna da gaskiya, amma matar da ta binne ƴaƴa ba ta tsayawa jin wa'azi. Yadda ake yi shi ne wata ta zo ta ɗauke jaririn kamar tsintuwa, ta mayar wa uwarsa. Wadda ta tsince ni ita ce matar da ke aiki a jujin kullum, wata bazawara marar ɗa, doguwa, mai faffaɗan tafin ƙafa. Ba mu haɗa jini ba ko ta ina. Inna nake ce mata, ita kuwa har na yi gemu ba ta taɓa kirana da sunan yanka ba, sai "ɗan jujina".

Baƙo in ya gan ta a duƙe cikin shara zai ɗauka bara take yi, ko kuma ta ɗan taɓu. Sana'a ce, kuma da tsarinta. Ita da wasu mata uku ne, duk marasa mai ɗaukar musu nauyi, ita ce babbarsu. Rariyarsu tsohon daro ne da aka huhhuda da ƙusa. Su ɗebi jujin da ya kwana biyu ya ruɓe, su tankaɗe. Abin da ya zuba ƙasa, wato kashin awaki da toka da ruɓaɓɓen kara, shi ne taki, a tara shi gefe guda, masu jaki su zo da mangala su kai wa masu lambu da masu rake a fadama. Abin da ya rage a cikin daro kuma, kowanne da mai shi. Gwangwani na masu ƙera fitila da mazurari ne. Kwalba ta mata masu man gyaɗa. Tsumma na masu ɗinkin akumari. Ƙashi akwai wani mutum da ke tarawa ya kai Kano, ban taɓa sanin me ake yi da shi a can ba. Tsohon takalmin roba kuwa na wani gurgu ne a bakin tasha, mai liƙe shi da wuƙa mai zafi. Tana da rumfar kara a gefen jujin inda take jera waɗannan kaya, kuma in ka taɓa mata jeri za ka ji bakinta.

Ni ma na ci jujin nan. Duk raken da masu lambu suka ba ta, gaɓa mai zaƙi tawa ce. Takalmin da na fara shiga lakwal, wato makarantar boko, da shi daga rumfarta ya fito, na dama shuɗi, na hagu kore, gurgun ya liƙe su tsaf. Ta kawo mini shi tana ta murna, ta ce ƙafa ba ta san launi ba. Ƙafa ba ta sani ba kam, amma ƴan ajinmu sun sani, kuma sai da suka yi mini waƙa. Tun daga ranar na fara canza hanya in na hango ta ina tare da abokai.

Aka tura ni Damagaram ƙarin karatu. Ina can mahaifiyata ta rasu, Inna ce ta yi mata wanka. Na dawo da ƴar takardata aka ɗauke ni komi, wato akawu, a biro, ofishin kwamandan da ke mulkin garin, ina buga takardu, ina kuma yin tafinta. Ku zo ku ga mutum. Wando mai kari, takalmi sau-ciki, alƙalami biyu a aljihu alhali ɗaya ba ya rubutu. Tsofaffin da suka ga ranar sunana suna ce mini Mushe, kiran girma irin na Faransanci, ni kuma ina amsawa da hanci. Inna kuwa nakan je gaishe ta ranar sallah, a gida, in na tabbata ta yi wanka ta sa zane mai tsabta.

Sai fari ya zo. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Shanu suka yi ta faɗuwa a bakin hanya, mutanen arewa suka gangaro da abin da ya rage musu, magidanta suka tsallaka Najeriya tun kaka ba ta yi ba. Juji ma sai da ya rame. Ba mai zubar da ƙanzo, ba mai zubar da dusa, ɓawon rogo ma dakawa ake yi. Mulki na soja ne lokacin, magana ɗaya ake yi, kuma maganar da ta zo daga sama ita ce a koma fadama a yi noman rani. Shawara ce mai kyau, ta ceci mutane da yawa. To amma lambu ba ya yi sai da taki, shanun da ke ba da taki kuma sun zama mushe. Nan jujin Inna ya yi daraja irin wadda bai taɓa yi ba. Ita da matan nan suka yi wata da watanni suna tankaɗe, suka tara taki tsibi-tsibi a bayan rumfa, kowane tsibi an san lambun da za shi. Masu lambu kuma na aiko musu da dankali da kabewa da ɗan rogo. Ga gwangwanayen man taimako da suka fara yawa, masu fitila na rububinsu. Da wannan matan huɗu suke ci a shekarar da masu gonaki ke kwana da yunwa, ba su da wani abin bayan shi.

Ana haka aka ce babban baƙo zai zo daga Damagaram ya ga lambuna, nan da kwana huɗu. Hanyar fadama kuwa ta bakin jujin ta bi. Kwamandanmu soja ne daga yamma, Hausarsa ba ta wuce "ina kwana" da "zo nan" ba. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, mai son a ga tsabta ne kawai, kuma yana tambaya kafin ya yanke. Ya ce in rubuta masa wuraren ƙazanta da ke kan hanyar baƙo. Mu a Hausa shara daban, juji daban, taki daban, yaro ma ya san wannan. Ni da na sha karatu sai na tattara su duka na sa musu kalma ɗaya ta Faransanci, wadda ke nufin abin zubarwa. Na sa jujin bayan kasuwa a layin farko, na ja masa layi a ƙasa da jan alƙalami don aikina ya yi kyau.

Da hantsi muka fita duba hanya, kwamanda a gaba, ni a gefensa da takarda, wani tsohon gardi, dogarin biro, a bayanmu. Gardin nan ya yi soja tun zamanin Nasara, ba ya yawan magana. Tun daga nesa na hango Inna a duƙe, toka ta yi mata fari fat har gira, ta ɗaure ƙugu da igiya. Na yi ta addu'a a zuci kada ta ɗago. Ta ɗago.

"Ɗan jujina!" Ta yar da daro ta taho tana share hannu a zane. "Ashe kai ne. Alhamdu lillahi, ashe da namu a ciki. An ce mana za a sa wa wurin nan wuta, na ce ƙarya ne."

Kwamanda ya dube ta, ya dube ni. Ya tambaye ni da Faransanci, "Ka san ta? Me ta kira ka?"

Amsar ba ta da wuya. Uwata ce, ita ta ɗauke ni ina jariri. Kalma nawa ce? Amma sai na ga kaina ina yi wa wannan mutum mai takalmi mai sheƙi bayanin wabi da tsumma da juji, na ga labarin ya isa biro kafin azahar, na ji waƙar ƴan ajinmu ta dawo mini a kunne. Na ce, "Ban san ta ba. Tsohuwa ce da ta ɗan taɓu, kowa haka take kiransa."

Inna ba ta jin ko kalma ɗaya. Ta ga dai ina magana da babba, kuma babban yana saurarena, sai ta ƙara samun ƙarfi. Ta durƙusa a gaban kwamanda ta ce, "Faɗa masa, ɗana. Ka ce Allah ya ja zamaninsa, wannan ba shara ba ce, taki ne. Na lambunan da baƙon zai je gani ne. Ba mu ce kada a gyara hanya ba. A ba mu kwana biyu kawai, masu jaki su kwashe, mu kuma mu ɗauke kayan rumfa. Mu da kanmu za mu share wurin, har ruwa za mu yayyafa."

Magana ce mai hankali daga farko har ƙarshe, kuma na san da kwamanda ya ji ta da ya yarda, domin shi ma lambunan nan su ne abin alfaharinsa. Matsalar ita ce yanzun nan na ce mahaukaciya ce. Mahaukaciya ba ta kawo shawara irin wannan. In na fassara daidai, zai gane ƙaryata ta farko. Ya ce, "Me take so?"

Na ce, "Abinci take roƙo."

Ya girgiza kai cikin tausayi. Ya sake tambayata, yana nuna tsibin taki da rumfar, "Waɗannan fa, na wani ne?" Na ce ba na kowa ba ne, tarkace ne. Sai ya juya ga gardi ya ce a ba tsohuwar nan tiya biyu ta dawar taimako, sannan ya dubi Inna ya gyaɗa mata kai, ya ce da Hausarsa, "To, to."

Fuskarta ta washe. Ta yi ta sa masa albarka, shi da iyayensa da ƴaƴansa. Ta kama hannun rigata, ta bar mini shatin toka a kai, ta ce, "Ya yarda ko?"

Na sassauta murya na ce, "An ji, Inna."

Da muka juya na haɗa ido da tsohon gardin. Na manta shaf cewa wanda ya yi wa Nasara soja ba ya rasa jin Faransanci. Ya kawar da kai ya tofar da yawu.

Abin da ya fi ci mini rai har yau ba ƙaryar bakin jujin ba ce. Wannan zan iya cewa tsoro ne ya zo mini ba shiri. Amma ina da yini guda cur bayanta. Ni na buga takardar umarnin ƙonawa da hannuna bayan azahar, na san ranar, na san lokacin. Da na taka zuwa gidanta da la'asar na ce Inna, ku kwashe yau, da masu jaki sun fito, domin takin nasu ne su ma. Tafiyar ba ta fi a sha shayi a tashi ba. Shayin na zauna na sha a bakin tasha, ina faɗa wa kaina cewa wataƙila bakin hanya kawai za a share. In na je, dole in faɗa mata dalilin da ya sa "an ji" ta zama "ku kwashe", ni kuma ban shirya ba.

Washegari da sassafe aka fito da ƴan kaso daga gidan yari da samarin gari, aka yayyafa man gazuwal aka kyasta. Busasshen taki ba ya ci da harshe, cinyewa yake ta ciki, a hankali. Rumfar ce ta tashi lokaci guda. Ban je ba. Ina biro ina buga jawabin maraba, hayaƙin na shigowa ta taga, warin tsumma da roba da ƙashi. An ce matan sun zo da gudu suna ɗiba da zannuwansu, aka kore su don kada su ƙone. Abin da wuta ta bari, toka da baƙaƙen gwangwanaye da fasassun kwalabe, aka loda a motar kamyo aka cike wani rami da shi a bayan gari, aka bi da yashi. Da azahar tsohon gardin ya shigo ya ajiye mini wata takarda a tebur. Sannan ya ce, "Mushe, ka iya Faransanci." Ya fita. An zage ni a rayuwa, an kuma taɓa marina, amma ba abin da ya taɓa shiga jikina kamar wannan yabon.

Baƙo ya zo, motarsa ta wuce wurin a guje, aka yi tafi a fadama, ya koma. Bayan mako biyu masu lambu suka zo biro a ƙungiya, suka ce ganye ya fara ja, ba taki. Ni na yi musu tafinta, wannan karon daidai, kalma bayan kalma. Ni kuma na buga takardar da aka aika Damagaram ana roƙon takin zamani. Aka kuma kafa doka cewa daga yanzu shara sai can bayan gari, nesa da hanya, kuma ba mai taɓa ta. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta iya zuwa can, ko da an bar ta.

Yanzu na tsufa, na bar aiki. Leda ta cika garin, tana rataye a kan kowace ƙaya, awaki na ci suna mutuwa. Wani lokaci akan gayyace ni taro, yara masu ilimi su tashi da dogayen kalmomi suna bayanin yadda za a raba shara kashi-kashi, a mayar da wani taki, a sayar da wani, a kuma jawo talakawa mata cikin aikin. Suna da gaskiya, ina kuma yi musu fatan alheri. In aka ce dattijo ya yi magana sai in ce duk wanda za su tarar yana tonon shara, su fara tambayarsa yadda yake yi kafin su koya masa, kuma su tambaye shi da bakinsu, kada su sa tafinta. Sukan yi dariya, suna tsammani barkwanci ne.

Bayan wutar nan, na yi mako uku ban taka unguwarsu Inna ba. Labarinta dai yana iso ni. Matan uku sun watse, ɗaya ta koma ƙauyensu wajen Kance, biyu sun shiga layin dawar taimako. Ita kuma maƙwabta ke miƙo mata abin da ya samu, a shekarar da ba mai rara. Sai na ji cewa ɗan ƙanenta, mai sayar da ruwa a Kano da rani, ya aiko a tafi da ita. Iyaka a rufe take lokacin, ta daji za su bi da jakai, kuma jibi za su tashi. Na auno gero a buhu na ɗora a keke na tafi, da la'asar.

Na same ta a tsakar gida tana ɗaure ƙullin kaya, ƙullin bai fi a ɗauka da hannu ɗaya ba. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Tafin hannunta na dama a naɗe da tsumma, inda wuta ta taɓa ta. Na shirya maganata tun a hanya, na maimaita ta ya fi sau goma. Na durƙusa na gaishe ta, na buɗe baki zan fara.

Ta riga ni. "Na san abin da ya hana ka zuwa," in ji ta. "Kunya kake ji, ka roƙa an ƙi. To ka daina. Soja ne, ɗana, yau ya ce to, gobe ya ce wuta. Wa ya isa da su?"

Na ce, "Inna, ba haka..."

"Bari in gama. Ni ce ma zan ba ka haƙuri. Na zo na tsaya maka a gaban babbanka da toka a ka, na sa ka roƙo a kan shara, kai da kake sabon shiga aiki. Na dawo gida na kasa cin abinci, ina cewa kada in ja maka kora. Ba su yi maka komai ba dai ko?"

Na ce ba su yi mini komai ba.

"To madalla. Ni na gan ka da idona. Sau uku yana tambaya, sau uku kana ba shi amsa, ko inda-inda ba ka yi ba. Na faɗa wa matan nan, na ce ko ba a samu ba, yaron nan ya tsaya mana." Ta ɗora hannun mai tsumma a kaina. "Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka wanda zai tsaya maka kamar yadda ka tsaya mini."

Tana jira. Wannan ce dama ta ƙarshe, kuma na san ita ce, domin mai shekarunta in ta bi dajin nan ba ta dawowa, ba ta kuwa dawo ba. Na duba ƙasa, hannunta na kaina, na ce, "Amin, Inna."